Dokar Zubar da Ciki a Ingila: Ina Iyakar Nakasa?

Ina so in ɗan yi magana a kan wata doka ta ƙasar Ingila wadda ake ta gardama a kanta. Magana ce mai nauyi, amma mu da za mu riƙe 'ya'yan mutane a makaranta bai kamata mu toshe kunne ba.

A shekarar 1967 Majalisar Dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da wani wakili mai suna David Steel ya kawo, aka soma aiki da ita a 1968. Dokar ta ce ana iya zubar da ciki idan likitoci biyu sun sa hannu cewa akwai dalili daga cikin waɗanda aka jera. Da fari iyakar ta kai mako 28, amma a 1990 aka rage ta zuwa mako 24, don an ga likitoci suna iya rayar da bakwaini tun kafin wancan lokaci.

To, ga lissafi. A 2021 an zubar da ciki fiye da 214,000 a Ingila da Wales, a 2022 kuwa abin ya haura 250,000. Wanda ya ji wannan adadi dole ya riƙe baki. Amma kada mu gauraya magana biyu. Kusan tara cikin goma na waɗanda aka yi a 2021 ba su kai mako 10 ba. Waɗanda suka kai mako 24 ko suka wuce ba su cika 300 ba, watau wajen ɗaya cikin dubu. Mai ɗauko babban adadin don ya tsorata mutane game da tsohon ciki bai yi gaskiya ba. Haka kuma mai cewa ai 'yan kaɗan ne, a bar zancen, shi ma bai kyauta ba, gama rai ba a auna shi da mudu.

Bayan mako 24 dalilai uku kaɗai suka rage. Na ɗaya, idan ran uwar yana cikin haɗari. Na biyu, idan za ta sami mummunan lahani na har abada. Waɗannan ba ni da ja a kansu ko kaɗan. Ko dokokinmu na Nijeriya, da tsananinsu, sun yarda a ceci ran uwa. Na uku shi ne inda gizo ke saƙa: idan akwai babban haɗarin cewa za a haifi yaron da nakasa mai tsanani. A nan ba a sa iyakar mako ba, har zuwa haihuwa.

Mene ne nakasa mai tsanani? Dokar ba ta faɗa ba, ta bar wa likitoci. A 2001 an zubar da wani ciki da ya wuce mako 24 saboda tsagewar leɓe da ganɗa, abin da ake gyarawa da aikin tiyata. Wata malamar coci, Joanna Jepson, ta kai ƙara, amma a 2005 masu gabatar da ƙara na gwamnati suka ce likitocin sun yi da kyakkyawar niyya, ba za a gurfanar da su ba. Sa'an nan ga Heidi Crowter, wadda aka haifa da lalurar da likitoci ke kira Down. Ta je kotu ta ce wannan sashe yana nuna ranta bai kai na sauran mutane daraja ba. Ta faɗi a 2021, ta ɗaukaka ƙara, ta sake faɗuwa a 2022. Alƙalai sun bi abin da ke rubuce, ni kuwa ina ganin rubutun ne ke da gyara.

Ba na zargin iyaye. Yawancin irin wannan labari sai a hoton ciki na wajen mako 20 ake jinsa, ga gwaji na biyu, ga jiran sakamako, kwanaki na ta gudu. Akwai kuma jaririn da ƙwaƙwalwarsa ba ta ginu ba sam, wanda ba zai rayu ba ko an haife shi. Tilasta wa mace ta ci gaba da ɗaukar wannan ciki ba tausayi ba ne.

Abin da nake cewa shi ne Majalisa ta raba su a rubuce. Lalurar da ba a rayuwa da ita daban, wadda mutum zai rayu da ita, ya yi karatu, ya yi sana'a, har ya yi aure kamar yadda Heidi ta yi a 2020, ita ma daban. Ta farko a bar ƙofarta a buɗe. Ta biyu kuwa a sa mata iyakar mako 24 kamar kowane ciki, a kuma gaggauta gwajin asibiti don iyaye su sami labari da wuri.