Nutsewar Jirgin Kota Tjandi da Giɓin da ke Cikin Tarihinmu

A daren 30 ga Afrilu, 1943, wani ayarin jiragen kasuwanci da ya taso daga Takoradi ya doshi Firitawun ya faɗa tarkon jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba U-515, wanda Werner Henke ke jagoranta. Kafin hantsin washegari, an harbi jirage bakwai, waɗanda duk daga ƙarshe suka tafi ƙasan teku. Daga cikinsu akwai Kota Tjandi, mallakar wani kamfanin Holan da ke Rotterdam. A lokacin, shekara uku ke nan Jamus na mamaye da Holan, amma jiragenta na kasuwanci sun ci gaba da yi wa ƙasashen ƙawance dako.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan mutumin Shagari ko Boɗinga da jirgin Turawa, alhali bai taɓa ganin teku ba? A ganina, ruwansa ne ƙwarai. Ta wannan gaɓa ta Afirka ta Yamma ce gyaɗar Kano da fatun jar akuyar Sakkwato suke fita, kuma ta nan ne gishiri da kananzir da yadi suke shigowa. Duk jirgin da aka nutsar, sai an ji raɗaɗinsa a kasuwannin ƙauye bayan 'yan watanni. Ƙarancin gishirin da aka sha a Nijeriya lokacin yaƙin bai rasa nasaba da irin wannan ɓarna ba. Haka kuma, a cikin shekarar ta 1943 ne aka ɗebi samarinmu na runduna ta 81 a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can sai Bama. Yaron da iyakar ruwansa gulbin Rima, ga shi makonni a kan teku, ya kuwa san abin da ke laɓe a ƙarƙashinsa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke koyar da wannan zamani. Mun taƙaita shi ga sunan Hitila da dajin Bama, mun bar manomi da fatake da matar da ta dafa miya ba gishiri. Har a fannin harshe akwai abin dubawa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ita ta ɗauki nauyin bayyana wa Bahaushe makaman da bai taɓa gani ba. Nazarin kalmomin da Abubakar Imam ya zaɓa don wannan aiki ya isa kundin digiri guda.

Waɗanda suka ga zamanin da idonsu saura ƙalilan, su ma a lokacin yara ne. Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji a Shagari ko Dandin Mahe ya kamata ya zauna da irin waɗannan dattawa, ya tambaye su me aka rasa a kasuwa, wa aka ɗauka soja daga unguwarsu, wa ya dawo, sannan ya rubuta amsar da karin harshensu na Sakkwatanci yadda suka faɗe ta.