Furen Marigol da Kuregen New York

A lambunan unguwa na birnin New York, waɗanda shirin GreenThumb da aka kafa a 1978 yake tallafa wa fiye da 550 daga cikinsu, an daɗe ana gadar wata shawara baki da baki, wai in aka kewaye kunyar tumatir da marigol, wato furen nan ruwan ɗorawa mai kaifin wari wanda asalinsa daga Meziko yake, kurege da ɓera ba za su kusanto ba. Zancen ba shi da tushe, kuma wanda ya fi cutuwa da shi shi ne mai ɗan ƙaramin fili, wanda yake ba fure gefen kunyarsa yana zaton ya yi shinge.

Abin da ya sa zancen ya karɓu shi ne furen yana da amfanin da aka tabbatar, amma a kan wasu halittu dabam. Saiwarsa tana fitar da sinadarin da ke kashe nematod, tsutsotsin da ido ba ya gani masu sa saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu, shi ma sai an cika filin da furen na kimanin wata biyu kafin shuka. Haka kuma wani binciken Jami'ar Newcastle ta Ingila a 2019 ya nuna warinsa yana rage farin ƙuda a tumatirin ɗakin gilashi. To, ina tsutsa da ƙwaro, ina dabba mai haƙori da wayo?

Kuregen New York, wanda ƙidayar 2018 ta ƙiyasta akwai 2,373 a Central Park kaɗai, ya tashi ne cikin hayaƙin mota da warin bola. Da kaka yakan nemi ƙasa mai laushi ya binne abincinsa, ga shi kuwa babu wadda ta fi ta gindin sabon dashen fure laushi. A watan Agusta kuma sai ya gatsi nunannen tumatir sau ɗaya ya yar da shi a gefen marigol ɗin. Manomin gyaɗa a Kano, wanda kurege ke tone wa iri, ba zai yarda a sayar masa da fure a matsayin magani ba.

Ragar waya mai ƙananan ƙofofi ita ke tsare shuka, ko a shimfiɗa ta kan ƙasa ko a yi keji har da rufi, domin dabbar da ke hawan bishiya tsawon shinge ba ya hana ta. Garin barkono yakan ɗan taimaka, muddin ana sake barbaɗa shi bayan kowane ruwan sama.