RA'AYINMU: Hanyoyin Karkarar Jere Na Jiran Mai Su

Duk wanda ya san Maiduguri ya san cewa abinci mai yawa da ake ci a birnin daga fadamar Jere yake fitowa. Shinkafar Zabarmari da kayan lambun gaɓar kogin Ngadda sai sun bi ƙananan hanyoyin burji kafin su isa kasuwar Gamboru ko ta Monday. Da zarar damina ta kankama, baƙar lakar wannan yanki takan zama taɓo, motoci su kafe, direba ya ninka kuɗin ɗaukar kaya, manomi kuma ya karyar da amfaninsa a bakin gona. Asarar ba ta tsaya kan manomi kaɗai ba, domin magidancin birni ma yana biyan ta wajen cefane.

To, wa ke da alhakin waɗannan hanyoyi? Doka ba ta bar kowa cikin duhu ba. Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙananan hukumomi, kuma kashi na ukun shi ne mafi yawa, kimanin biyu bisa uku na hanyoyin ƙasar nan. Gyaran fuskar da aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi a 1976 ya ɗora musu wannan nauyi, Tsarin Mulkin 1999 kuma ya tabbatar da shi a Jadawali na Huɗu.

Sai dai an ba su nauyi, ba a sakar musu kuɗi ba. Shekara da shekaru kasonsu na asusun tarayya, wato kashi 20.6 cikin ɗari, yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, abin da ya ba shugabannin ƙananan hukumomi uzurin cewa hannunsu a ɗaure yake. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye. Muna kira da a bi wannan hukunci sau da ƙafa a dukkan ƙananan hukumomi 27 na Jihar Borno.

Amma a ganinmu kuɗi kaɗai ba zai wadatar ba. Jama'a ba su manta da hukumar DFRRI da gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1986 ba. An fasa hanyoyin karkara masu ɗimbin yawa, aka yi bikin buɗewa, amma da yake ba a tanadi mai kula da su ba, damina kaɗan ta lashe da dama daga cikinsu. Masu iya magana sun ce tun ran gini tun ran zane.

Saboda haka muna ba majalisun Jere, Konduga da Mafa shawara. Da farko a zauna da lawanai da bulamomi da ƙungiyoyin manoma da direbobi, a zaɓi hanya ɗaya ko biyu da suka fi ɗaukar amfanin gona, maimakon a warwatsa kuɗi a kowace mazaɓa don faranta wa kansiloli rai. Sa'an nan a fara da kwalbatoci da magudanan ruwa da ɗaga bayan hanya kafin a yi zancen kwalta. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau a watan Satumba na 2024 ta isa darasi game da ɓarnar ruwan da ya rasa mafita. A ba da kwangila da kaka, a gama aiki cikin rani, a kuma kafa allo a bakin hanya mai nuna sunan ɗan kwangila da kuɗin aiki da ranar gamawa.

Abu mafi muhimmanci shi ne kowane kasafin shekara ya ware kuɗin gyara dabam, wanda ba za a taɓa shi don wani biki ko sayen motar ofis ba. A ɗauki samarin ƙauyukan da hanyar ta ratsa a matsayin leburorin hanya, kamar yadda aka yi a zamanin En'e, su riƙa cike ramuka da yashe magudanai.

Mutanen da suka rasa 'yan'uwansu manoma a Koshebe a watan Nuwamba na 2020, amma duk da haka suka koma gona, sun cancanci hanyar da motar asibiti da ta jami'an tsaro za su bi su iske su cikin lokaci. Muna fatan shugabannin da abin ya shafa za su duba wannan batu da idon basira tun kafin gajimare ya sake haɗuwa.