Filin Uwargida: In Kin Shiga Birni, Ina Za Ki Ci Abinci?

A wannan watan za mu duba wata matsala da ke damun duk wadda ta bar gida ta shiga birni. Uwargida daga Tofa, ko Lambu, ko Janguza, takan yi sammako zuwa Kano domin kai yaro Asibitin Murtala, ko haɗa kayan ɗakin 'yarta a Kantin Kwari. Kafin azahar yunwa ta kama ta, yara na kuka. To, ina za ta nufa?

Yawancinmu ƙyale-ƙyale muke bi. Da mun hangi gidan abinci mai gilashi da fitilu, an rubuta "abincin gida" a ƙofa, sai mu faɗa. Can a kawo miki ɗumamen tuwon jiya da miyar kukar da ba ta ga daddawa ba, ki biya kuɗin cefanen kwana biyu, wataƙila ma ki koma gida da ciwon ciki. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A ƙasar Faransa akwai ƙananan gidajen abinci na cikin unguwa da suke kira bistro. Teburansu kaɗan ne, sau da yawa mai wurin da iyalinsa ke aikin, kuma da alli ake rubuta abincin ranar a jikin allo. Da sunan ya samu kasuwa, sai wasu suka riƙa sayo dafaffen abincin kamfani suna ɗumamawa. Abin ya kai a shekarar 2014 aka kafa doka, aka fito da tambari na musamman ga abincin da aka girka a wurin daga ɗanyen kaya. Wadda tafiya ta kai can, ta riƙa tambaya kafin ta ci, domin naman alade da giya na shiga girkinsu sosai.

Mu a nan ba mu da wannan tambari, sai ido da hanci. Ga abubuwan dubawa:

Na farko, yawan kalolin abinci. Mai tuwo da miya biyu ko uku ta fi ba da natsuwa a kan mai kala ashirin, domin tukunya ashirin ba ta ƙarewa a yini guda, kwantai ne ke biyo baya.

Na biyu, su wa ke ci? In kin ga 'yan kasuwar wurin da yaran maƙwabta riƙe da kwanuka suna layi, to ki tsaya. Wanda gobe ma zai dawo ba a yi masa algus.

Na uku, ruwa da zafi. Ki leƙa ruwan wanke-wanke, ki ga ko an rufe abinci daga ƙuda, kuma ki karɓi wanda ke tururi kawai. Taifot da amai da gudawa ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, kuma yara suka fi jigata.

Na huɗu, ki bi kowane abu gidansu. Gurasa an san Jakara da ita, kilishi kuwa Agadasawa. Ki tambayi dattijuwar da ke kusa da ke a layin asibiti, matambayi ba ya ɓata.

In ranar ta hidima ce da yawa, ki ƙullo guzurin dambu ko fura, da ruwan shan da kika tafasa a gida, musamman saboda ƙananan yara.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya ba mu lafiya da iyalanmu, amin.