Wannan ba Malam Abdullahi na Gwandu ba ne

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Mutum ya zauna da AI: "ƙara gemu", "gyara rawani", "haska fatar". Sau ashirin yana gyarawa har fuskar ta yi masa, sannan ya watsa a WhatsApp wai Malam Abdullahi ne.

Malam ya rasu tun kafin 1839, shekarar da aka fito da fasahar ɗaukar hoto a Faransa. To, wa ya ɗauke shi? Kowane gyara son ranka ne, ba tarihi ba. Kuma don me kullum sai an haska fatar?

Ni tsorona yaranmu na Gwandu da Kalgo su taso da fuskar ƙarya a ka. Mai son sanin Malam ya buɗe Diya'ut Ta'wili. In ka ƙirƙira hoto, rubuta ƙarƙashinsa: "AI ne."