Ciwon baya ba sai da ƙwaya ba

Ƴan uwa manoma, kowa ya san wannan magana. Damana ta faɗi, an yi shibka, an shiga noman farko, sai baya ya riƙe mai gida. Uwargida kuma wuya da kafaɗa sun hana ta barci saboda daka da ɗaukar ruwa. Bido mai lita 20 nauyinsa kilo 20 ne, kuma sau nawa take ɗora shi bisa kai a yini?

Mi muke yi in haka ta faru? Sai mu aiki yaro wurin mai tebur shi sayo ƙwaya. Ra'ayinmu shi ne wannan hanya ɓata ce. Ƙwayoyi irin su diklofenak suna kwantar da zafi, amma yawan shan su yana cin ciki, yana lahanta ƙoda. Tramol ya fi muni: yana ɓoye ciwo, mutum ya ƙara wa jikinsa aiki, daga baya ya kasa rabuwa da shi.

Akwai wata hanya. A manyan gidajen likita, kamar na Yamai da Damagaram da Galmi, akwai ma'aikacin da ake kira kine. Aikinsa gyaran jiki ta hanyar motsi. Yana duba yadda kake duƙawa da yadda kake tafiya. Yana yin tausa, yana miƙar da jijiya, sannan ya koya maka motsin da za ka riƙa yi a gida, ba da ko dala ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya. A 2023 ta ba da shawara ga mai daɗaɗɗen ciwon baya: motsa jiki da tausa da ilimi su zo gaba, a guji ƙwayoyi masu sa maye.

Ga abin da kine ke koyarwa:

1. In za ka ɗauki buhu, lanƙwasa gwiwa, ka jawo shi kusa da jiki. Buhu mai kilo 100 na mutum biyu ne.
2. In kana noma da kalme, miƙe tsaye lokaci lokaci, ka dafa ƙugu, ka karkata baya a hankali. Inda ƙasa jigawa ce, hauyar tsaye ta fi sauƙi ga baya.
3. Da safe, kwanta rigingine bisa tabarma, ka jawo gwiwa zuwa ƙirji, ɗaya bayan ɗaya, sau 10.
4. Kada ka kwanta fiye da kwana 1 ko 2. Doguwar kwanciya tana sandarar da jiki. Yawancin ciwon baya yana sauƙi cikin sati 6.

Wani zai ce: muna da wanzami, muna da maɗori. Gaskiya ne, ba mu rena su ba. Amma ƙaho ba ya ƙara wa naman baya ƙarfi. In ba a sake yadda ake aiki ba, ciwo zai komo.

Sai dai a lura. In ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ciwo ya zo da zazzaɓi da rama, ko bayan faɗuwa daga amalanke ko itace, a tafi likita nan da nan. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya, kuma yana da magani.

Kine sun yi kaɗan, kuma galibinsu suna birni. Saboda haka muna kira ga hukumar lafiya ta koya wa ma'aikatan likitar karkara wannan aiki. Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabta wannan takarda a dandali. Jikin manomi shi ne jarinsa.

Allah shi ba mu lafiya da damana mai albarka.