Wasiƙar Yawuri: A Gyara Mudu Kafin A Ɗora Haraji

Zuwa ga Edita. Maganar da na kawo wa masu karatu a wannan mako ita ce ta man fetur, da harajin da Gwamnati ta tanada a kansa, da kuma famfon da a ke auna mana shi.

Kowa ya sani mutanen ƙasar Yawuri ba don mota kaɗai su ke sayen mai ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya malale ƙasa mai yawa, zirga-zirgar mutanen bakin tafki ta dogara ga jirgi. Masunci da ke fita da injin jirginsa, da mai fito da ke kai 'yan kasuwa Wara ta ƙasar Ngaski, da manomin albasa da ke ban ruwa da inji a Shanga, duk abincinsu a bakin famfo ya ke farawa. Da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ran 29 ga Mayu ta 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin fito da na kifi su ka bi ta.

To, ga batun haraji. A watan Yuni na 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar haraji ta Nijeriya. A cikinta akwai kashi 5 cikin 100 da za a ɗora wa mai wajen sayarwa. Asalin wannan kaso yana cikin dokar FERMA, hukumar gyaran hanyoyi, tun 2007. Dokar ta ware kananzir na gida da gas na girki, ta ce ban da su. Ta kuma ce ba a fara karɓa sai ranar da Ministan Kuɗi ya ayyana a Gazet. Saboda haka in mai gidan mai ya ce ya ƙara kuɗi don haraji, a tambaye shi sanarwar.

Malamai da akawuna, ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ce lita naira 1,000 ce. Harajin nan zai zama naira 50 a lita, watau naira 1,250 a jarka mai lita 25. Amma in famfo ya tauye lita ɗaya cikin goma, mai saye ya yi hasarar naira 2,500 a jarkar nan guda. Kun ga ninkin harajin ke nan. Na Gwamnati ko ba komai an san baitulmalin da zai shiga, ana iya tambayar hanyar da aka gyara da shi. Na famfo kuwa aljihun mutum ɗaya ya ke faɗawa, ba rasit, ba shaida. Malamanmu sun san akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye mudu, ba sai na tsawaita ba.

Aikin duba famfo yana hannun hukuma biyu. Akwai NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa a madadin DPR, ita ke ba gidajen mai lasisi, ita ke rufe wanda ya saɓa. Akwai kuma sashen awo da ma'auni na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya. Ma'aikatansu kan zo da gwangwanin awo, a zuba daga famfo a ga ko ya cika. Abin da ya kamata mai saye ya lura da shi uku ne: kuɗin lita ya fito a fili, lambobin famfo su koma sifiri kafin a fara zuba masa, kuma a jikin famfo a rubuta irin man da ke ciki.

Wannan rubutu ba ado ba ne. PMS fetur ke nan, AGO man gas na manyan motoci, DPK kananzir. In fetur ya gauraya da kananzir, fitila da risho kan yi bindiga a hannun matar gida. A watan Fabrairu na 2022 ma, man da aka shigo da shi daga Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da ƙima ya lalata injunan motoci a Ikko da Abuja. Mai mota in injinsa ya tsaya sai ya sauka gefen hanya. Mai jirgi a tsakiyar Kwara da mutum hamsin, ina zai sauka?

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Mutanen ƙauyukan bakin ruwa da yawa ba su zuwa gidan mai a Yelwa, a hannun 'yan bumburutu su ke saye, cikin galan da kwalba. Kwalba ba ta da hatimi, ba ta da rubutu, ba mai duba ta.

Roƙona uku ne. Na farko, hukuma ta riƙa aiko masu awo akai-akai, ba sai an yi ƙara ba. Na biyu, a rubuta sunan mai da kuɗinsa da Hausa, boko da ajami, don wanda bai san PMS ba ya karanta. Na uku, sarakunan kasuwa da na jirgi su ajiye mudun lita na gaskiya a kowace mashiga, kamar yadda a ke yi wa hatsi. In an yi haka, ran da harajin ya zo talaka zai san abin da ya biya.

Allah ya sa mu gyara, amin. Haza wassalam.

Wakilinku na Yawuri.